Marubucin gida a dandalin garinsu: sharhi a kan bikin samari na ƙasa da abin da ya bar wa masu karatun Hausa

A duk lokacin da za a yi taron marubuta ko bikin adabi a wani gari, kiran da akan yi iri ɗaya ne: jama'a su zo su cika wuri, su ƙarfafa wa ƴan gida gwiwa. Kiran yana da kyau, kuma babu mai jayayya da shi. Amma ga mai bincike a kan harshe da mai tsara aikin yaƙi da jahilci, akwai wata tambaya da ta fi yawan ƴan kallo nauyi, watau: bayan an watse an kwashe kujeru, mene ne ya rage wanda mutumin da ya koyi baƙi da wasali da Hausa zai iya ɗauka ya karanta? Wannan sharhi zai bi tambayar ta kan misali guda, shi ne bikin samari na ƙasa da aka riƙa yi a Nijar a zamanin mulkin Seyni Kunce, musamman ɓangarensa na wasan kwaikwayo, tare da mai da hankali a kan birnin Damagaram.

Wani zai ce ai wannan ba bikin marubuta ba ne, bikin rawa da waƙa da wasanni ne. Haka ne a bisa suna. Sai dai a shekarun nan babu wani dandali a ƙasar da ya kai shi tara masu ƙaga labari da harshen Hausa, ya haɗa su gasa, ya kuma ba su dubban masu sauraro. In ana neman inda mai hikimar gari ya tsaya gaban mutanen garinsu aka auna shi, to nan ne.

Sojoji sun karɓi mulki ran 15 ga Afrilun 1974, suka farfaɗo da samariya a matsayin hanyar tattara matasa, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1970 bikin ya zama abin da ake yi yana zagaya manyan biranen jahohi. Jahohin a lokacin bakwai ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Kafin ƙungiya ta kai ga gasar ƙasa sai ta tsallake tankaɗe a gunduma, sa'an nan a jaha. Wannan tsani shi ne babban alherin tsarin, domin ya sa ƙananan garuruwa su ma sun shiga neman wanda ya iya shirya labari a cikinsu. Gidan rediyon ƙasa yana watsa wasannin, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma talabijin ta shigo, har sunan malamin makaranta irin Yazi Dogo, wanda ya yi fice da ƙungiyar Damagaram, ya zama sananne a gidajen da ba a taɓa sayen littafi ba.

Yadda ake gina wasan, wanda jama'a ke kira teyatur, shi ne ya kamata a tsaya a kansa. Galibi ba mutum ɗaya ke zama ya rubuta shi daga farko har ƙarshe ba. Ƴan ƙungiya, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da masu sana'a, sukan amince a kan jigo, su tsara labarin a taƙaice fitowa bayan fitowa, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowane ɗan wasa ya cika nasa da maganar bakinsa. Ana ta maimaitawa, abin da ya ba da dariya ko ya taɓa zuciya a riƙe shi, abin da ya yi sanyi a zubar. Da haka zance ke zaunawa ba tare da ya taɓa hawa takarda ba. Sakamakon wannan hanya, ta fuskar harshe, abin yabo ne ƙwarai. Hausar da ke fitowa a dandalin tana da rai: gaisuwa tana ɗaukar tsawonta na gaskiya, habaicin kishiyoyi yana zuwa da zafinsa, karin magana yana faɗowa a inda mai magana zai sa shi, ba a inda marubuci ya tuna cewa ya daɗe bai sa ko ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati ana gane shi da yadda yake cusa faransanci a tsakiyar jimla, baƙauye da yadda yake lanƙwasa kalmomi irin su mushe da kumandan da lakkwal, malami da larabcinsa. Duk wanda ya gwada wannan Hausa da ta ƙananan littattafan yaƙi da jahilci na zamanin, masu bayani a kan takin zamani da awon gyaɗa da tsabtar rijiya, zai ga cewa ɗaya magana ce, ɗaya kuwa fassarar umarni ce daga ofis.

Duk da haka wasannin suna da rauni, kuma raunin daga tsarin bikin ya fito. Gwamnati ce mai biki, ita ke ɗaukar nauyi, jigogin da ake so kuma sanannu ne: haɗin kan ƙasa, illar barin ƙauye zuwa birni ko zuwa ƙasashen gaɓar teku, tsadar aure, cin hanci, sa yara makaranta. Babu laifi a jigogin. Laifin yana ga ƙarshen wasa, inda sau da yawa wani mai iko, sarki ko alƙali ko wakilin hukuma, zai fito ya warware rikicin da jawabi, ya hukunta mai laifi, ya faɗi darasi. Rikicin da aka gina da basira cikin awa guda sai a kashe shi da wa'azin minti biyar. Mai kallo mai lura ya san cewa daɗin wasan yana tsakiya, wurin da ake yi wa ɗan kasuwa mai haɗama ko ma'aikaci mai girman kai dariya, kuma a nan ne ƴan wasa ke faɗin abin da ba a faɗa a jarida a ƙarƙashin mulkin soja. Jawabin ƙarshe kamar haraji ne da ake biya don a bar tsakiyar ta wuce. Sa'an nan ga gasar kanta: tun da ƙungiya tana wakiltar jaha, mutumin gari yakan kalli wasan garinsu da idon so, sowa da tafi su zama na tuta. A irin wannan hali ba mai gaya wa ɗan gida cewa fitowarsa ta uku ta yi tsawo, ko cewa matar da ke cikin labarinsa ba ta da wani aiki sai kuka.

Babban abin da ya shafi masu karanta wannan mujalla shi ne, ɗimbin aikin nan bai zama abin karatu ba. Ya rayu a dandali da rediyo da faifai. Fitaccen nazarin da aka yi masa, littafin Janet Beik mai suna Hausa Theatre in Niger, an buga shi a birnin New York a 1987 da ingilishi, kuma tun daga ƙaramin sunansa marubuciyar ta kira wasan fasahar baka ta zamani. Sunan ya dace. Amma yana nuna cewa mai son sanin yadda aka gina waɗannan wasanni zai fi samun biyan bukata a laburaren wata jami'a a Amurka fiye da a ajin karatun manya na Mirya ko Magarya.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa a daidai wannan lokaci ma'aikatan yaƙi da jahilci suna kukan rashin abin karantawa. An fara aikin koyar da manya da harsunan ƙasa tun farkon shekarun 1960. Bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, Nijar ta bi rubutun da ke ninka wasali mai tsawo, shi ya sa ake ganin sunayen jaridun karkara na lokacin a rubuce kamar Gangaa da Saabon Ra'ayii, alhali a hayin iyaka, a Zariya da Kano, ba a nuna tsawon wasali. Watau dai manomin da ya yi fama ya koyi karatu a Madawa, idan littafin Zariya ya faɗo hannunsa, sai ya tarar da wata siffa ta rubutu dabam. An daidaita wannan bayan taron masana da aka yi a Yamai a 1980, ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999 kuma ya tabbatar da ƙa'idar, har bambancin da ya rage a fili bai wuce ƴ a nan da 'y a can ba. A 1973 kuwa, a Damagaram ɗin dai, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa. Ga yara da manya suna koyon karatu a gari, ga ƙungiyar wasa mafi shahara a ƙasar tana ƙaga labarai a garin, amma ba a shimfiɗa hanya tsakanin gidan samari da aji ba. Ma'aikatu dabam dabam ne ke kula da su, kowace da kasafinta da rahotonta.

Damagaram tana da ƴaƴan da suka yi rubutu aka buga, sai dai da faransanci. André Salifou, wanda aka haifa a garin a 1942, ya wallafa nazarinsa a kan sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, sa'an nan wasansa Tanimoune, a kan Sarki Tanimun, ya fito a Paris a 1973. Wani kaso na abin da ya gina aikin da shi daga bakin dattawa ya fito, ya koma wa jikokinsu cikin harshen da ƴan kaɗan ne cikinsu ke karantawa. Misalin Abdoulaye Mamani ya fi wannan zurfi. Ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya yi gudun hijira, ya ɗanɗani kurkuku bayan ya dawo, ya kuma rasu a hatsarin mota a 1993. Littafinsa Sarraounia, wanda ya fito a Paris a 1980, ya ɗauki karon da Sarauniyar Lugu ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, abin da takardun Faransawa suka ambata a taƙaice, ya gina shi ya zama labarin turjiya na ƙasa baki ɗaya. Mamani ya ƙaga abubuwa da yawa, kuma wannan haƙƙin mai ƙagaggen labari ne. Ƙarfin littafin yana ga gajerun babobinsa masu sauri da yadda ya sa aznan Lugu a tsakiyar tarihi, ya bar sarakunan da suka yi shiru ko suka miƙa wuya a gefe. Rauninsa kuwa, Sarauniyar tasa ta cika tsarki, ba ta shakka, ba ta kuskure, har ta fi kama da tuta fiye da mace mai jini a jika. Amma abin lura a nan shi ne hanyar da labarin ya bi. Da Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, ƴan wasa suna magana da julanci da fillanci da faransanci, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Labarin Bahaushiya ya zaga duniya ta harsuna uku, babu Hausa a cikinsu.

Ke nan gari ɗaya ya fitar da masu hikima iri biyu. Masu yi da Hausa sun sami jama'a ba su sami takarda ba, masu yi da faransanci sun sami takarda a Paris, jama'ar gida kuma sai dai su ji labari. Bikin ya yi wa na farko hidima iyakar dandali, na biyu kuwa ba ta hanyarsa suka bi ba.

Kwatanci da abin da ya faru a arewacin Nijeriya yana da amfani, domin harshe ɗaya ne, littattafan can kuma suna shigowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Babu dandali, babu kiɗa. Abin da ya fito shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda East ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta. An san East ya sa hannu sosai cikin rubuce-rubucen, ya yanke, ya gyara bisa ga abin da yake ganin ya dace da makarantun mulkin mallaka, kuma akwai abin suka a nan. Amma ga shi bayan shekara casa'in ana karanta waɗannan littattafai. Gasar kamfanin NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ita ma littattafai ta haifa a 1980, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Bambancin waɗannan gasa da bikin samari shi ne, a can an ajiye maɗaba'a da mai gyara rubutu a ƙarshen hanya tun kafin a kira mutane.

Kano ta nuna wata fuska. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka riƙa buga labaransu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna karanta wa juna, suna tallata wa juna. Ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su riƙe cewa biyu daga cikin fitattunsu, Ado Ahmad Gidan Dabino mai In da So da Ƙauna da Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne, ta ajin karatun manya suka bi. Ajin da ake ɗauka wurin koyon sa hannu ne kawai ya fitar da marubutan da suka sa dubban mata karatu. Wannan shi ne goyon bayan ƴan gida a aikace, da kuɗin mai saye. Sai dai an biya shi da tsada ta fuskar ƙa'ida: da yawa daga littattafan wannan kasuwa ba su bi ta hannun mai gyara ba, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, abin da ya ba masu suka irin su Ibrahim Malumfashi hujja a muhawarar shekarun 1990. Sabon mai karatu yana koyon rubutu daga abin da idonsa ya saba gani, saboda haka kuskuren da aka buga dubu goma ya fi ƙarfin darasin malami.

Maganar ta sake tasowa a ƴan shekarun nan. A 2021 aka fara wani bikin littattafai da fasahohin Hausa a Kaduna ƙarƙashin jagorancin Sada Malumfashi, a 2025 kuma kundin da hukumomin Nijar suka zartar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matsayi a doka yana jawo bukatar littattafai ga makarantu da azuzuwan manya, kuma za a so a nemo su a gida. Wasannin bikin samari, gwargwadon abin da ya tsira a faifan rediyo da talabijin, suna cikin kayan da suka fi kusa da hannu. Amma mai da su rubutu aiki ne da ke da tarko, kuma tarkon na masana harshe ne.

Na farko shi ne karin harshe. Ƙungiyar Tawa ko ta Dogon Dutse za ta ce sunka tahi, yac ce, rigas sarki, ta kuma sa na da ta a inda daidaitacciyar Hausa ke sa ne da ce. Hausar Damagaram ta fi kusa da ta Kano, amma ita ma tana da nata, kamar yadda sunan wasan nan Gado Ƙarhin Allah ya nuna da h ɗinsa. Idan mai rubutawa ya mai da kome daidaitacce, ya share abin da ke bambanta baƙauye da ɗan birni, Ba'adare da Badamagare, alhali sau da yawa dariyar a nan take. Idan kuma ya rubuta kome yadda ya ji, ya ba ɗalibin da bai daɗe da koyon suka tafi ba wata siffa da za ta rikita shi. Mafita mafi sauƙi ita ce a bar maganar ƴan wasa da karinta, bayanin fitowa da motsi kuma a yi shi da daidaitacciyar Hausa, domin mai karatu ya ga siffofin biyu a shafi ɗaya ya san matsayin kowace. Wannan yana bukatar a tsai da ƙa'ida a kan rubuta baƙaƙen da ake ninkawa a karin yamma, abin da ƙudurin 1999 bai wadatar a kansa ba tun da daidaitaccen rubutu ya sa gaba. Haka nan faransancin ma'aikaci: in an rubuta shi da ƙa'idar Faransa, wanda bai shiga lakkwal ba ya tsaya cik, in an rubuta shi da haruffan Hausa yadda ya fito daga baki, kowa ya karanta, kuma izgilin da ake yi wa mai maganar ya fito sarai. Hanya ta biyu ta fi dacewa da manufar wasan.

Sai batun tsawo. Abin da ke da daɗi a kunne, kamar gaisuwar da ake ja ko gardamar da ake maimaitawa sau uku, yakan gundura a takarda. Dole a rage, kuma ragewa hukunci ne na adabi, ba aikin magatakarda ba. A nan ne ake bukatar mai gyara wanda ya san harshen, wanda kuma zumuncin gari ba zai hana shi yanke fitowar da ba ta da amfani ba, ko da ta shahararren ɗan wasa ce. Akwai kuma tambayar sunan da za a sa a bangon littafi, tun da aikin na ƙungiya ne kuma kowane ɗan wasa shi ya ƙagi maganarsa. Sa sunan shugaban ƙungiya shi kaɗai zalunci ne ga sauran, musamman matan da suka fito a dandali a lokacin da fitowar mace ke jawo mata magana a unguwa. Ya fi kyau a sa sunan ƙungiya da garinta da shekarar wasan, a jera ƴan wasa da matsayin kowa a shafin farko, a ambaci wanda ya juya faifan zuwa rubutu da wanda ya gyara. Waɗanda suka rage da rai cikin ƴan wasan shekarun 1970 da 1980 sun tsufa, kuma su ne kaɗai za su iya cike gurbin da faifai ya goge ko su bayyana habaicin da ya dogara ga wani abin da ya faru a garin a shekarar.